Raƙumin Ruwa na Manasse

An haifi Manasse Dzarma ranar 9 ga Afrilu, 1951. Sana'arsa zane a bayan manyan motoci, a unguwar Bolori. A 1978 wani direba, Alhaji Yunus, ya nemi ya zana masa raƙumi. Da ya dawo ya tarar da raƙumi mai wutsiyar kifi, ya rantse zai hana direbobin tasha kawo masa aiki.

Manasse ya ce, "Alhaji, ai raƙumin ruwa ne, ni na ƙirƙiro shi. Yashi ba ya tsare shi, kogi ma haka."

Sai Alhaji ya amince. Kafin shekara ta zagayo, har a unguwar Gwange ana kwaikwayon zanen.

Har Manasse ya rasu a 1996, bai gaya wa kowa cewa tsohon zanen kifi da ke jikin motar ne ya ɓullo ta ƙarƙashin fentin da ya sirka da kananzir ba.