Ma'aunin Yaya Ilu

Duk wanda ya san Yaya Ilu a Karaye ya san ba ya tayar da tsohuwar akori-kurarsa sai ya zaga bayanta ya girgiza ƙwallon ƙarfen nan da ake maƙala wa ƙaramar tirela. Kana gaishe shi, yana amsawa, hannunsa na can. Tsoronsa ɗaya a duniya: tirela ta kwance a hanya da kayan mutane.

Shi ne babban wanmu, ni ce auta, kuma ni ce ma'auninsa. Ranar da ya sayo ƙwallon a Kano, mai shago ya nuna masa wata sifana mai lamba, wadda ke gaya wa mutum in noti ya ɗauru. Yaya ya juya ta, ya ajiye.

"Bar abarka. Ina da ƙanwa a gida."

Da ya dawo, ya kwantar da ƙarfen da ke riƙe ƙwallon a kaikaice a raminsa na bayan mota, ya zura ƙwallon, ya sa zobe da noti, ya kama da sifana, ya ƙara mata dogon bututu. Sai ya aika a kira ni.

"Auta, hau nan."

"Yaya, da aurena da komai?"

"Ba aurenki nake nema ba, nauyinki."

Na hau, na dafa motar. Bututu ya yi ƙasa a hankali, noti ya yi ɗan kuka, ya tsaya. Shi ke nan, na samu aiki. Duk kaka, kafin a fara ɗibar masara, sai an zo ɗaukata.

Shekarar da nake da cikin Bilki bai ce mini komai ba, sai ya tare maigidana a kasuwa.

"Malam Sani, ka ɓata mini ma'auni. Yaushe zai gyaru?"

Matarsa, Yaya Rabi, mace ce mai jiki, ta ce ita ta hau mana.

"Ke? Ɗaurewa nake so, ba karyawa ba."

Kwana biyu yana cin tuwo a gidana.

Shekaru suka tafi, auren Bilki ya zo, za a kai ta Rogo. Shi zai ja kayan ɗaki, kuma a ciki har da kwanukan tangaran na marigayiya Innarmu, da ya ɓoye tun rasuwarta. Da safe, mata sun cika gida, na sha ado, aka ce Yaya na kira. Na tattare zani na hau. Noti ko motsi.

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kin rame. Wa ya ce ki rame?"

"Hidimar biki, Yaya."

"A miƙo mata turmi."

Haka na tsaya, uwar amarya guda, rungume da turmi a kan bututu, dangin ango na leƙe ta katanga. Bai isa ba, aka ɗora mini taɓarya. Sai noti ya yi kukansa.

"Yauwa. Sauka, ki je ki ci abinci."

Ya kama hanya kamar mai ɗauke da ƙwai. A Tudun Kaya, in ji waɗanda suka bi shi, har mai jaki ya wuce su ya yi musu sannu. Amarya ta riga gadonta isa, 'yan jere suna ta mita, shi ko a jikinsa.

Da ya iso, bai bar kowa ya taɓa buhun kwanukan ba. Ya zauna a tsakar gida yana zaro su ɗaya ɗaya daga cikin ƙaiƙayi, yana ɗagawa a rana. Ko tsaga babu. Ya tura su gaban Bilki.

"Na kakarki ne. Ki ci tuwo a ciki, ban da ajiye wa kallo."

Ya juya ya goge ido da tsumman giris, ya tashi da baƙi har kunne. Muka yi dariya, muka yi kuka, ba wadda ta gaya masa.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ya kai kayan mutane lafiya duk rayuwarsa. Allah Ya kai shi lafiya shi ma, Ya sauƙaƙa masa nasa nauyin, Ya haɗa shi da Inna a gidan rahama.