Daktan Tabarau na Kasuwar Shinkafi

Har yau in na ji an kira mai tallar tabarau da sunan Dakta, raina ɓaci yake yi. Akwai wani da ke shimfiɗa tabarma a kasuwar Shinkafi, sanye da farar riga wadda ko mahauci ba zai yarda ya sa ba. Gwajinsa ɗaya ne: ya miƙa maka tsohuwar jarida, ka yi ta canza gilashi har rubutu ya fito. Nan na kai mahaifina, tela a Ƙaura Namoda, lokacin da zare ya fara ƙin shiga masa allura. Ni da karatuna, malamin firamare guda, ni na goya shi a babur.

Duk bayan 'yan watanni Baba ya ce gefen idonsa na duhu, mu koma. Mutumin ko kallon idon ba ya yi. "Lambar ta yi kaɗan, Alhaji. Amshi wanga." Shekara biyu muna wannan shirme.

Sai da Baba ya fara tuntuɓe da kekensa na ɗinki na kai shi asibiti a Gusau. A can na ga aikin da mai tabarma ya haɗe shi kaɗai, ashe na mutum huɗu ne. Ma'aikaciyar jinya ta sa shi karanta allon haruffa. Mai auna ido ya gwada ƙarfin ganinsa, ya ce wannan ya wuce gilashi, don haka ba sai mun je wurin mai yanka gilashin ba. Ya tura mu ga babban likita, mai magani da fiɗa.

Likitan ya haska idon, ya daɗe. Ya ce mini da Turanci, don ba ya jin Hausa, hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar idon dama gaba ɗaya, ta hagu saura kaɗan. Da an zo da wuri, da ɗigon magani ya tsare ta. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Kunya ta kama ni, na raina kaina fiye da yadda na raina mai jaridar.

Baba bai ji Turancin da muka yi ba. Ya gyara zama ya ce, "To likita, wace lamba za ka ba ni? Ina da ɗinkin Sallah ga hannu."

Likita ya dube ni, yana jira in fassara.