Sai Bayan Kaka

Na shafe shekaru ina koya wa 'yan mata cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, ina rage makin duk wadda ta manta. Sai da na ajiye alli na koma cin fansho, sannan irin wannan kalma ta kama ni, a can saman wani dogon bene a Wangsa Maju.

Ɗana na fari ne ya kai ni Kuala Lumpur. Yana neman digirin dakta a wani fanni da shi kansa sai ya ja numfashi kafin ya faɗi sunansa. Matarsa ma tana nata karatun, ga 'yarsu ƙarama. Aka ce in zo in huta. Ban san a bakin 'ya'yan yanzu hutu sunan raino ba ne. Da zan taso, ƙanwata ta tambaye ni yaushe zan dawo, na ce mata abin da kowa ke cewa a garinmu: "Sai bayan kaka." Ɗan nawa yana tsaye a wurin. Ya ji, ya adana.

Hutun nawa kuwa shi ne in raka jikata makaranta, in ɗauko ta, in yi mata wanka, in ɗora tukunya. Ina yi mata Hausa, tana mayar mini da Turanci, tana kirana "nenek", wai kaka ke nan da bakin mutanen ƙasar. Ita kuma ƙasar ba ta da rani, ba ta da bazara, balle kaka. Rana ɗaya gare su, ita suke ta maimaitawa kamar ɗalibar da ta kasa wuce aji: zafi da hantsi, ruwa da la'asar, gumi da magariba. Takardun zamana ɗana yake sabunta su, da himmar da ban taɓa ganin ya yi aikin makaranta da ita ba.

Da na ga wata yana bin wata, sai na tare shi yana cin abinci.

"Kai, yaushe za ka yankar mini tikiti?"

"Umma, ke fa kika ce sai bayan kaka."

"To?"

"To ni ban ga kaka ta zo ba. Wadda na gani kuma," ya nuna ni da cokali, "ga ta nan zaune daram, ba ta wuce ba balle a yi maganar bayanta."

Matarsa ta yi dariya har da tafi. Ni na koya masa wannan wasan kalma yana ɗan firamare, yau da shi aka ɗaure ni. Gida nake so, gidana, mai ƙofar da ke buɗewa a kan ƙasa.

Washegari na hau jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi zuwa kasuwar Chow Kit na sayo ƙasa. E, ƙasa, a leda, har da hoton fure a jikinta. Na samo bokitan fenti, na huda gindinsu, na jera a barandar da surukata ke shanya. A ƙasan buhun geron da na zo da shi don kunu akwai sauran tsaba. Na shuka. Tunda kaka ba za ta zo da kanta ba, ni zan kawo ta.

Geron ya fito, ya yi tsawon banza irin na yaron da ba a taɓa aika ba. Ranar Lahadi abokan ɗana kan zo gaisuwa da matansu, duk masu jiran a kira su dakta. Su durƙusa rabi, "Hajiya, ina wuni," su wuce baranda su ɗauki hoto. Wani ya ce na tuna masa da ƙauye, ya dafa ƙirji. Na san gidan ubansa a Nasarawa ta Kano. Ƙauyen da ya sani shi ne wanda yake hangowa ta gilashin mota.

Ana nan sai ƙungiyarsu ta 'yan Arewa ta shirya fita. Shugabanta ya zo da kansa ya ce lallai in je, za a yi girbi. Muka cika bas, muka hau duwatsu har kunnuwana suka toshe. Girbin ashe sitiroberi ne, a cikin rumfar leda, an rataye su daidai ƙirji don kada wani ya sunkuya. Aka ba kowa ɗan almakashi da ɗan kwando kamar na wasan yara. Na tsaya ina kallon jikokin manoma suna cire 'ya'yan itace ɗaya ɗaya, suna tambayar mai gonar, "Boleh? Boleh?" wato ko an yarda. Shugaban ya yi jawabi a kan muhimmancin noma, riƙe da kwandon da bai cika tafin hannu ba.

A hanyar dawowa ɗana ya juyo daga kujerar gaba, bakinsa ja.

"Umma, kin ga girbi ko?"

"Na ga dai an ci."

Amma ya tuna mini. Muna isa gida na wuce baranda. Geron ya daɗe da fitar da kai, sai dai ruwan la'asar bai taɓa barinsa ya bushe ba. Zangarniya ɗaya ce ta yi abin kirki, ita ma rabi tsuntsaye sun cinye, rabi ta yi baƙin fumfuna. A gida ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taɓa ta. Na ɗauko wuƙar yanka albasa, na yi bisimilla, na yanke. Na kira jikata, na ɗora mata a tafin hannu na ce, "Wannan gero ne. Lokacin da ake yankansa sunansa kaka." Ta dube ni, ta dubi abin, ta ce, "Kaka." A kan geron ta faɗa, ba a kaina ba, amma na ba ta maki.

Sannan na karɓa na ɗora a kan kwamfutar ubanta.

"Mene ne wannan, Umma?"

"Amfanin gona. An girbe."

Ya ɗaga da yatsa biyu. "Haba, Umma, ai wannan ya lalace lah." Wannan "lah" ɗin a bakin mutanen ƙasar ya tsince ta.

"Shekarar da amfani ya lalace ma kaka sunanta. Ka tambayi duk wanda ya taɓa riƙe fartanya, in kana da irinsa a cikin abokanka. Yanzu muna bayanta."

Ya kalli matarsa. Wannan karon ba ta yi tafi ba. Ya san wadda ta koya masa gardama. Ya kakkaɓe fumfunar daga kan madannai, ya fara neman jirgi.

Ban gama haɗa kaya ba surukata ta fitar da bokitan ta mayar da igiyar shanyarta. Ana gobe zan tafi na tarar da ɗana a kicin yana zazzage buhun geron.

"Umma, babu sauran iri? Na ce ko za ki ƙara zagaye ɗaya, yarinyar ta ga yadda ake yi tun daga farko."

"Akwai saura," na ce. "Shi ka sha da safe."