Kwandon Malam Datti

Kullum da hantsi, in ya gama ba shanunsa dusa, Malam Datti yakan ɗauki kwando da fartanya ya nufi dam ɗin ƙasa da ke saman ƙauyensu a yankin Gammo. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Tun gemunsa yana baƙi yake jidar marmara yana zubawa wuri guda a kan bangon dam, inda shanu ke tsallakawa zuwa mashaya. Kofato yana cin ƙasa, wurin yana lotsawa, ruwa kuwa in ya cika, inda ya lotsa yake bi. Gidajenmu ne a ƙasan wurin.

Da ya ga cikon ba ya zama, sai ya shinge hanyar da ƙaya. Taubashinsa Jalo ya koro garke ya tarar da shinge.

"Datti, kai da aka haifa a ruga, yau kai ke hana saniya ruwa?"

"Zaga ta gindin tsamiya, Jalo. Ƙafarka ba za ta ƙare ba."

"To, Sarkin Dam, ranka ya daɗe!"

Wasa ya zama gaba, Jalo ya daina gaishe shi. Mu kuwa muna majalisa muna musu, wasu na cewa a ƙara wa dam tsayi a sa injin lantarki, wasu na cewa a bar shi don noman rani. Baki ya sha aiki. Ko kwando ɗaya ba wanda ya kama masa.

Daminar bana aka yi ta sheƙa ruwa har dam ya cika ya batse. Mata suka ɗaure kaya, Uwaliya matar Jalo ta kwashe jikoki zuwa tudu. Maza suka tsaya cirko-cirko, ruwa yana lasar cikon Datti, saura ƙiris ya haura. Bai haura ba. Kafin la'asar ya bi mafitarsa ya sauka, Uwaliya ta dawo ta hura wuta.

Kai ne, Malam Datti, bayan ikon Allah, ka sa muka kwana a ɗakunanmu. Gagarabadau, ka sha zagi ba ka fasa ba. Yanzu gwiwa ta gaza, ka ajiye kwando. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Masu musun lantarki, dam ɗin da ya ɓalle ba ya ba da wuta. Kwando yana nan. Jiya an ga Jalo da shi a ka, yana haki, shanunsa suna zagawa ta gindin tsamiya.