Sista Mai Allurar Tawada

Yayata ta yi shekara talatin da biyar tana yi wa mutane allura a asibiti. Ranar da ta yi ritaya suka ba ta agogon bango da takardar yabo, aka ɗauki hoto, wani babban likita ya ce yanzu lokaci ya yi da Sista za ta miƙe ƙafa ta huta. Ta dawo gida ta rataye agogon, ta zauna tana kallonsa. Wata biyu ta yi a haka. A na uku ta fara zuwa shagona, wai ta zo gaishe ni, ni da nake ƙaninta, ni da ya kamata in je in gaishe ta.

Shagona na buga takardu ne da fotokwafi, a ƙasan wani bene mai hawa uku da ofisoshi suka cika: lauyoyi, masu zanen gini, da wata makarantar koyon kwamfuta. Ina da firinta biyu masu aiki da ruwan tawada. Kowace tana da ɗan kwanson roba da tawadar ke zama a ciki, wanda masu kanti ke kira katirij. Idan ya ƙare, masu sayarwa so suke ka jefar ka sayi sabo. Ni kuwa sirinji nake sa wa in ɗura masa wata, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ɓata min takarda.

Wata safiya ina cikin ɗurawa, Yaya tana zaune a benci da jakarta a cinya, sai na ji ta ce, "Kai, me kake yi haka?"

"Tawada nake ɗurawa, Yaya."

"Da iska a cikin sirinjin? Da mutum ne da ka gama da shi. Kawo nan."

Ta karɓa, ta ɗaga sirinjin sama, ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce har kumfar ta taru, ta fitar da ita. Sannan ta zura allurar a hankali, ta tsaya, ta ce akwai wani abu mai laushi a ciki. Na ce soso ne. Ta ce to shi ake bai wa, ba kwanson ba, kuma ba a yi masa ɗura kamar ana cika tanki. Da na mayar da kwanson cikin firinta, rubutu ya fito tas, ko layi ɗaya bai tsinke ba. Ta riƙe takardar ta daɗe tana dubawa. Washegari ta riga ni zuwa shago.

Na ɗauka abin na kwana biyu ne. Ashe ban san yayata ba. Akwai wani kwali a bayan shagon da nake zubar da kwansunan da suka mutu, sun kai talatin. Ta zazzage su a kan tire, ta sa wuƙa ta farke su ɗaya bayan ɗaya, tana leƙawa da tabarau a kan hanci. Ta yanke yatsa sau biyu. Cikin sati uku ta san cikinsu fiye da ni da na shekara goma ina taɓa su.

Ita ta nuna min cewa yawancinsu ba mutuwa suke yi ba. Wani sosonsa ne ya tsufa ya taurare, ba ya riƙe tawada, sai ta cire shi da hantsaki ta wanke, in ya ƙi ta yanka sabo daidai girmansa. Wani 'yar robar da ke toshe bakinsa ce ta saki, iska na shiga, sai ta canza ta. Wani ƙananan ramukan da tawada ke fitowa ne suka bushe, ramukan da ido ba ya gani, sai ta kara su a tururin butar shayi, ta dangwala a kan auduga mai ɗumi har launi ya bayyana, ta zuƙe iskar da sirinji. Wani kuma ɗigon tagullar da ke bayansa, inda yake haɗuwa da firinta, shi ne ya yi datti, sai ta goge da sifirit. Wanda kansa ya ƙone kuwa ba ta wahalar da kowa. Takan miƙa wa mai shi ta ce, "Wannan ya tafi, ka yi haƙuri. Ka bar shi yana aiki babu tawada a ciki, ko ba haka ba?" Mutum ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

Mai benen ya ba ta wurin da ke ƙarƙashin matakala. Ta sa tebur, ta shimfiɗa farar leda, ta jera kwalabe huɗu: baƙi, shuɗi, ja da ruwan ɗorawa, kowace da sirinjinta. Wanda ya taɓa sirinjin wata kwalba ya kai wata, ranar zai ji abin da bai taɓa ji ba. Masinjojin ofisoshi suka fara sauko mata da kwansuna a cikin ambulan. Daga nan labari ya kai makarantu da shagunan da ke bayan kasuwa. Kowa Sista yake ce mata, har waɗanda ba su san ta taɓa aikin asibiti ba.

A gida ne abin bai yi daɗi ba. 'Ya'yanta mata biyu suka zo suka zauna a gabanta, suka ce mutane na magana, wai sun bar uwarsu a ƙarƙashin matakala kamar marar kowa. Ƙaramar ta kama hannunta ta juya shi. Tawada ta shiga ƙarƙashin farce, ta bi layin tafin hannu, sabulu ba ya fitar da ita.

"Dubi hannunki, Mama. Ko safar hannu ba za ki sa ba?"

"Da safa ba na jin soso," in ji Yaya. "Kuma hannun nan ya taɓa abin da ya fi tawada muni shekara da shekaru, ba wadda ta ce uffan a cikinku, don ina sanye da fararen kaya. Ku tashi ku ɗora min ruwan shayi."

Sai kuma babban ɗanta. Manaja muke ce masa tun yana ɗan shekara shida, saboda yadda yake jera ƙannensa yana raba musu aiki shi yana tsaye. Ya girma ya zama mai son tsari, rigarsa kullum a goge. Aikinsa kuwa a wani kamfani ne da ke sayar wa ofisoshi firinta da sababbin kwansuna, kuma unguwarmu tana cikin yankin da aka ba shi.

Shekara ta zagayo, ciniki ya ja baya a yankin nasa. Shugabansa ya aiko a bincika, aka gano dalili, aka kuma gano ko uwar wa ce. Ranar wata Talata da hantsi sai ga Manaja a bakin matakala. Ya gaishe ni, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ƙi zama.

"Mama, magana na zo da ita."

"Ina ji. Miƙo min audugar can."

Ya miƙa mata. "An kira ni ofis jiya. Oga ya ce ta yaya zan riƙe yanki alhali mahaifiyata ce ke kwashe mana mutane. Akwai ƙarin girma da ake shirin yi min. Don Allah ki rufe wurin nan. Duk abin da kike buƙata ni zan riƙa kawowa."

Ba ta ɗago ba. Tana goge bayan wani kwanso. "Na roƙe ka wani abu?"

"Ba ki roƙa ba."

"Na je ofis ɗinku na ce wa wani kada ya saya?"

"Mama, ba haka ba ne. Abin da kike yi yana lalata firinta. Kamfani ya rubuta."

A nan ta ajiye audugar. "Kawunka ga shi nan. Shekara guda firintocinsa suna cin abin da na gyara. Kai, sun lalace?"

Na ce ba su lalace ba, amma ni a fitar da ni daga wannan magana. Duka biyun suka harare ni.

"Ka je ka gaya wa oganka," in ji ta, "ban san shi ba, bai san ni ba. Shi yana sayar da sabo, ni ina gyara tsoho. In abinsa ba ya gyaruwa, ba wanda zai sauko nan. Kai kuma ka yi aikinka da gaskiya, ba zan hana ka ba. Amma ban tashi daga gaban agogon can don in koma ba."

Ya fita bai yi min sallama ba.

Bayan sati biyu aka manna takardu a bangon benen, har da jikin matakalar da take zaune a ƙarƙashinta, wai tawadar gefen titi tana kashe firinta. A ƙasa an rubuta cewa kamfani zai yi taron nuna kaya a zauren makarantar kwamfuta da ke hawa na biyu. Na ce bari in yage ta jikin matakalar. Yaya ta ce in bar ta, tana so ta ga ranar da lokacin.

Ranar taron ta sa mayafinta mai kyau, ta ɗauki kwansuna biyu da ta gyara, baƙi da mai launi, ta naɗe a hankici. Gwiwarta na ciwo, amma ta hau matakalar nan ba ta yarda na riƙe ta ba. Zauren ya cika da sakatarori da masu shaguna. Ogan, wani dogo mai fara'a, yana bayani, Manaja yana tsaye kusa da firinta yana sa takarda. Da ya hango mu, fuskarsa ta canza.

Da aka ce akwai mai tambaya, ta miƙe.

"Ni ce ta gefen titin," ta ce. Aka fashe da dariya. "Ga nawa na kawo. A buga takarda da naku, a buga da nawa, a gauraya. In ka ware su, gobe ba za ka same ni a ƙasa ba."

Ogan ya yi murmushi ya ce ai Mama ba a yin haka. Wani lauya daga baya ya ce me zai hana, su ma suna so su gani. Zaure ya ɗauka. Dole ya yarda, amma ya ce abu biyu za a buga, wasiƙa da hoto. Ta ce ta amince.

Manaja ne ya yi aikin. Na ga hannunsa lokacin da yake kwance hankicin uwarsa, a hankali ya yi shi, bai kalli kowa ba. Aka buga, lauyan ya yi musu alamar da shi kaɗai ya gane, ya gauraya a bayansa, ya shimfiɗa a tebur.

Hoton wata yarinya ce riƙe da furanni. Ogan bai yi minti ɗaya ba ya nuna nasu, kuma ya yi daidai. A na Yaya fuskar yarinyar ta ɗan yi ja. Ya ɗaga su sama kowa ya gani. Yaya ta karɓa ta duba da tabarau, ta ce, "Gaskiyarka. Jan nawa ya yi yawa. Saura wasiƙa."

Ya ɗauki wasiƙun biyu. Ya kai su taga. Ya shafa da yatsa, ya juya bayansu. Ya kira wani abokin aikinsa, suka yi ƙus-ƙus. Da ya gaji ya nuna ɗaya ya ce ita ce tasu, lauyan ya duba alamar da ya yi a baya ya ce, "Wannan ta Sista ce."

Hayaniya ta tashi. Ogan ya ɗaga murya ya ce an yi kunnen doki ke nan, ɗaya da ɗaya. Yaya ta juya ta fuskanci mutane.

"Ya ware hoto, bai ware wasiƙa ba. To duk mai buga hoton furanni a ofis ɗinsa ya je wurinsu, ni ma na ba shi shawara. Mai buga wasiƙa ya san inda nake." Ta miƙa wa ɗanta hannu. "Ba ni kayana."

Ya ciro kwansunan, ya naɗe su yadda ta kawo su, ya ba ta da hannu biyu.

Ƙarin girman bai zo ba. An ɗauke Manaja daga yankin aka mayar da shi sito, yana karɓar kaya yana fitarwa. Wata huɗu bai taka gidanta ba. Matarsa takan kawo yara ranar hutu, ta ce yana gaisuwa, Yaya ta ce tana amsawa. Na san abin yana cinta, don sau biyu na ga ta zuba ja a sirinjin shuɗi, ta zubar, ta wanke. Na ce mata ko in je in same shi. Ta ce in na je kada in dawo mata shago, shagon da yake nawa.

A cikin watannin nan ne kuma sababbin firintoci suka fara shigowa. Kwansonsu yana da wani ɗan faranti kamar farcen jariri, mai ƙirga shafuka. In ya ƙirga ya kai iyaka, ko ka cika kwanson har baki, firinta sai ta ce babu tawada. Rabin masu zuwa wurinta suka ɗauke ƙafa. Na ce mata wannan karon kam an gama da mu. Ta ce a samo mata matattun irinsu. Ta koma farkawa da wuƙa kamar farko, ta sayi gilashin ƙara girma, ta gano wasu ana iya ɗaga farantin a dasa wani, wasu kuma sai an danne maɓalli a firinta har ta haƙura ta ci gaba. Wasu sun gagare ta har yau, kuma takan faɗa wa mai su kai tsaye.

Wata Asabar da safe ina buɗe shago sai ga Manaja, ba rigar aiki, da silifa. Ya gaishe ni, ya gaishe ta, wannan karon ya ja benci ya zauna. Ta amsa kamar jiya suka rabu. Tana fama da murfin wani sabon kwanso, ta sa bakin wuƙa tana neman inda zai ɗaga. Ya daɗe yana kallo.

"Ta hagu ake buɗe irin wannan," ya ce. "Akwai ɗan harshe a ciki. In kika bi ta dama zai karye."

"Na sani. Biyu na karya kafin na gane."

"Huɗu dai," na ce daga cikin shago.

"Wa ya sa da kai?" Ta turo masa tiren da gwiwar hannu. "Tunda ka iya, buɗe min sauran ukun can. Kuma kada ka taɓa min sirinji."

Ya naɗe hannun riga ya jawo tiren gabansa.