Kaka da Mutumin Mafara

Kakata ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa jinin Fulani ce, ta gaji kunya kamar yadda wasu ke gadon gona. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin Mafara", kamar wani wanda ta taɓa sayen gishiri a hannunsa ranar kasuwa. Idan ya je gidanta a Faru ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana," takan amsa tana kallon rumbu. Har na yi wayo ina tsammanin rumbun nan ɗan'uwanmu ne.

Ba hoto take ƙi ba. Tana da hoto da ni, tana da hoto da matar da ta zo yi wa yara rigakafi, akwai ma wanda aka ɗauke ta da ragonta. Amma da zarar Baba ya matso kusa kuma wani ya ɗaga waya, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Sau biyu na bi ta na duba. Murhun ko toka mai ɗumi babu.

Bara, bayan an cire gero, Baba ya je gaisuwar mutuwa Bakura, mahaifiyar wani abokinsa ta rasu. A wurin zaman makoki abokin ya nuna masa wani hoto a waya, shi da marigayiyar zaune kan tabarma ɗaya. Baba ya dawo gida bai ci tuwon kirki ba. Washegari ya kira ni zaure, ya duba hagu ya duba dama kamar zai sayar mini da kayan sata.

"Shekarata hamsin," in ji shi, "ba ni da hoto ko ɗaya da Inna. Ina son guda. Kada ta sani."

Na ce, "Baba, ai kama zomo da hannu ya fi wannan sauƙi."

"Shi ya sa na kira ka. Duk gidan nan babu wanda ya kai ka rashin kunya."

Wannan shi ne yabo mafi girma da Baba ya taɓa yi mini, kuma har yau ina riƙe da shi.

A makon nan ne Kawu, ƙanen mamata, mai ɗaukar hotunan biki a Sakkwato, ya zo mana kwana uku da sabuwar kyamara. Da ya fito da ita daga aljihun riga na ɗauka sabulun wanki ne. Ya ce manyan kyamarorin da muka saba gani akwai madubi a cikinsu, shi ke ɗagawa ya yi "ƙaras" in an ɗauki hoto. Wannan ba ta da shi, shi ya sa ta ƙanƙance, kuma in ka so za ka iya hana ta yin ƙara gaba ɗaya. Allon bayanta yana ɗagowa sama, kana iya ɗora ta a cinya ka sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar surukai, alhali kana kallon kowa. Sannan ita da kanta take neman fuskar mutum, ta zagaye idonsa da ɗan koren akwati, ta fito da shi tar.

Ina jin haka na kalli Baba. Baba ya kalli rumfa. Abin gado ne.

Kawu ya yarda ya ara mini, amma da sharuɗɗa. Kada in kuskura in kwance gilashin gaba, domin babu abin da ya tare cikinta, ƙura za ta shige kai tsaye. Kada in bar ta a rana. Na uku shi ya fi nanatawa. "Tana shan batir kamar rijiyar rani. Allon nan kullum a kunne yake. In ba hoto za ka ɗauka ba, kashe ta."

Na ce na ji. Da gaske kuma na ji, kunnena lafiya lau yake.

Na fara gwada ta a kasuwarmu ta ranar Talata. A nan na gano aibinta na farko: ba ta da kwarjini. Mai babbar kyamara in ya shigo, har masu awo suna gyara hula. Ni kuwa na tsaya gaban wani mai albasa na ce zan ɗauke shi, ya gyara zama, ya haɗe rai yadda ya kamata, ya jira. Na ce an gama. Ya ce bai ji ƙara ba, bai ga walƙiya ba. Na nuna masa hotonsa, har jijiyar wuyansa ta fito. Ya duba da kyau ya ce, "Ya yi kama da ni. Je ka kawo babbar a yi na gaskiya."

Baba ma ya gwada riƙe ta. Hannunsa na noma ne, maɓallanta kuwa kamar ƙwayar gero. Ya danna uku a lokaci guda, muka samu bidiyon cikin hancinsa na minti biyu. Mama ta hana a goge.

Ranar Alhamis muka hau babur zuwa Faru. Kawu zai koma Sakkwato ranar Juma'a da kyamararsa, mu kuma dole mu baro Faru kafin la'asar, domin ba a bin hanyar nan da yamma. Yini guda ke nan, shi ma gutsure. Caja na bar ta a gida, saboda na ga batir ya cika, kuma ni mutum ne mai tawakkali.

Kaka ta tare ni tun daga ƙofa. "Maraba da maigida! Wanga miji ko kuɗin cefane babu, sai tsawo kamar karan dawa."

"Ke ma ai kin tsufa, sabuwa zan auro."

"Auro mana. In ta ga kunnuwanka ta zauna, ni da kaina zan yi mata gara."

Baba ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi rumbu lafiyar iyali, da gajiya, da mutanen Mafara. Rumbu ya yi shiru, Baba ya amsa a madadinsa.

Da na fito da kyamarar ta ce, "Wanga kuma mi na?"

Na ce abin wasa ne na ƴan makaranta.

"To, Allah shi ba da ilimi mai amfani."

Ita ta yarda, ko kuma na ɗauka ta yarda. Yaran unguwa ne ba su yarda ba. Ɗaya ya leƙa ya ga fuskarsa a allo, kafin a tafasa ruwan shayi duk wani yaro da ke tsakanin Faru da Janbako ya iso gidan. Na kore su sau uku. Sai na ga ba laifi in ɗauki kaɗan don su watse. Na ɗauki masu tsalle, na ɗauki masu gwalo, na ɗauki wani da ya tsaya da kai. Wannan fa dole in yabe ta: ko yaro yana sama ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, tana kama shi tsaf. Daga nan na ce bari in yi wa ragon Kaka bidiyo yana tuƙa, don tarihi. Ana cikin haka jikinta ya yi zafi kamar ƙwan da aka tsamo daga tukunya, ta rubuto wani abu, ta kashe kanta. Na sa ta a inuwar randa ta huce. Da na sake kunnawa, hoton batir ya koma ja.

Ban gaya wa Baba ba. Mutum ne mai hawan jini.

Bayan azahar na yi yunƙuri na farko. Kaka tana bakin ɗaki tana dama fura, Baba yana can gefen danga, tsakaninsu za a iya shuka kunya huɗu ta gyaɗa. Na ja baya, na ja baya, har na jingina da turken rago, sannan su biyun suka shiga allo, kowa kamar ƙuda. Gilashin da ke jikinta ba ya jawo abu daga nesa sosai. Na yi wa Baba alama da gira ya matsa. Ya matsa taku biyu. Kaka ta ɗauki ƙwaryarta ta matsa taku biyu, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya ƙara ɗaya, ta ƙara ɗaya. Da an bar su, da sun isa Maradun a haka.

Karo na biyu sai da na kusa dacewa. Ta zo wucewa ta bayansa da buta. Na kunna, koren akwatin ya fara neman fuska, rago ya turo kai ta kafaɗata ya shiga gaba, akwatin ya ce ya samu. Hoton yana nan. Idon ragon ya fito har ana ganin gashin girarsa, a bayansa kuma wasu inuwoyi biyu, waɗanda su ne uwa da ɗa. Jan batir ya fara ƙiftawa. Na kashe.

Inuwa ta fara tsawo. Baba ya dubi rana, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba, ya ce mu shirya. A ranar na fara ganin Baba ya yi kama da yaron da aka hana bin mota.

Kaka ba ta miƙa wa Baba abu hannu da hannu. Tsarabarsa takan ajiye a ƙasa ta ce a ba mutumin Mafara. Ta ajiye ɗan buhun gero da kwalbar man shanu a ƙofar gida, ya ɗauka ya sunkuya yana ɗaurewa a bayan babur da roba. Ni ina zaune kan turmin da aka kife, kyamara a cinya, kai a sunkuye, ina tunanin abin da zan ce a hanya.

Sai na ga ƙafafun Kaka sun matso. A bayan rigar Baba akwai ƙarangiya guda uku da ya kwaso a bakin danga. Ta tsaya daf da bayansa, ta duba ba mai kallo sai ni, ni kuwa ina kallon cinyata. Ta miƙa yatsu biyu tana cire su ɗaya bayan ɗaya, a hankali yadda ba zai ji ba.

Na kunna. Allon ya haska, akwatin ya yi tsalle ya kama idonta, domin ita kaɗai ce fuska a wurin, rago yana can cikin gida. Na danna. Ko motsin sauro ba a ji ba. Allon ya yi baƙi, bai sake tashi ba.

Ban san ko hoton ya shiga ba. Baba ya tayar da babur, ya ce, "Inna, mun tafi." Ta yi wa ƙyauren ƙofa addu'ar sauka lafiya. Na ɗaga ƙafa zan hau ke nan ta riƙo kunnena, ta jawo ni ƙasa daidai bakinta.

"Maigida, sabulun nan da kake ta kallo cikin cinya tun safe. In an wanke, a kawo mini guda."

Na ce, "Wane hoto kuma?"

"Na babur. Babur ɗin nika so, ya yi kyau."

A gida na sa caji na zauna gabanta kamar mai jinya. Da ta farfaɗo, hoton yana nan, shi ne na ƙarshe bayan yara tamanin da rago. Baba ya ba da baya, kunnensa ɗaya kawai ake gani da gefen hula. Kaka kuwa ta fito tar, har zanen da ke kumatunta, hannunta a kan rigarsa, tana kallon ƙeyarsa. Ban taɓa ganin ta kalli rumbu haka ba.

Na kai wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu, bai danna komai ba wannan karon. Ya daɗe yana kallo, har allon ya dushe na sake taɓa masa.

"Fuskata ba ta fito ba," in ji shi.

"In ta fito, tata ba za ta fito ba."

Ya yi gyaran murya, ya ce hayaƙin kicin ya cika yawa a gidan nan, ya miƙo mini ya fita. Ba a hura wuta ba tukuna.

Kawu ya tura hoton zuwa wayarsa kafin ya tafi, aka wanko guda biyu. Na Baba yana cikin akwatinsa, tare da takardun gona. Na Kaka na kai mata da Sallah. Ta riƙe shi nesa da ido, ta matso da shi, ta share shi da gefen zane ko da yake ba ƙura. Babur ɗin, in ban da rabin taya, babu abin da ya fito nasa.

"Madalla," in ji ta, tana sa shi cikin kwallar da take ajiye kayan ƙawarta. "Babur ya fito sosai."