Jakar Fatar da Na Ƙi Karɓa

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da na kasa mantawa da ita wata Asabar ce a shekarata ta biyu da kama aiki. Lokacin ina koyar da Turanci a wani ajin manya a Zaitawa, wanda ake yi Asabar da Lahadi bayan la'asar a azuzuwan firamare. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, karatun wata tara ne, a ƙarshe a yi jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Mu uku ne malaman, sai shugabanmu Malam Sabo, wanda shi ke sa hannu a sakamako.

Ni a lokacin kaina rawa yake. Na fito daga kwaleji da ɗumina, kullum ga ƙaton ƙamus a hammata cikin wata yagaggiyar leda, ina jin ba wanda ya kai ni. A bitar da aka yi mana ta kama aiki an ja mana kunne kada mu karɓi komai daga hannun ɗalibi idan jarrabawa ta gabato, gudun zargi. Wannan doka na riƙe ta fiye da wanda ya kafa ta.

Akwai wani dattijo a ajin, Baba Tanko, baduku daga Jakara, ya haura sittin. Abin da ya kawo shi shi ne masu sayen kayansa daga Legas da ke turo masa saƙo da Turanci a waya. Ya gaji da yawon neman mai karanta masa, kowa ya ji sirrin cinikinsa. Ya kuma ce yana son takardar nan ya rataya ta a rumfarsa. Bai taɓa fashi ba, rubutunsa tsaf, amma wata takwas bai buɗe baki ya yi Turanci a aji ba. Kunyar samarin yake ji.

Saura mako uku jarrabawa na koyar da kalmar accept. Na ji daɗin darasin nan, har da taku a gaban allo. Na ce musu kalmar Turanci "take" ɗauka ce kawai, receive kuwa abu ya zo hannunka, ko kana so ko ba ka so, kamar sammaci. Amma accept karɓa ce da yardar zuciya. Da ita ake karɓar kyauta, da ita ake karɓar uzurin wanda ya ba ka haƙuri, da ita mutum ke amincewa da aikin da aka ba shi. Na ce idan Bature ya ce ba zai yi accept ɗin abu ba, to ba hannunsa ne ya ƙi ba, zuciyarsa ce. Na ba su aikin gida, kowa ya zo da jimla ɗaya ya faɗa a tsaye.

Da Asabar ta zagayo, aka bi layi har aka zo kan Baba Tanko. Na yi niyyar tsallake shi kamar yadda na saba, sai na ga ya miƙe. Ya zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin babbar rigarsa, ya tako har gaban allo, ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya ce, "My teacher, please accept this bag."

Ajin ya ɗauki tafi. Jaka ce ta jar fata, ɗinkin hannu, an zana sunana da zare a murfinta. Kallo ɗaya na yi mata na gane daidai girman ƙamus ɗina aka yanka ta. Ashe duk watannin nan yana kallon ledar nan tawa.

Me na yi? Na mai da hannuwana baya. Na ce masa da Turanci, da ƙarfi yadda na ƙarshen aji zai ji, ba zan iya accept ba. Na juya ga ajin na yi musu lacca a kan doka da jarrabawa da cin hanci. Kalmar cin hanci ta fito daga bakina, dattijo na tsaye da hannuwansa a miƙe. Tafin ya mutu. Ya naɗe jakarsa a hankali, ya koma ya zauna. Da aka tashi ya yi mini sallama kamar kullum.

Washegari bai zo ba, haka ma Asabar ta gaba. Labari ya kai ga Malam Sabo, ya kira ni ofis ya ce in rufe ƙofa.

"Malam Nura, a garin nan aka haife ka kuwa?"

Na ce a Ƙofar Ɗan Agundi ma. Na fara kawo masa maganar bita.

"Ni na koyar a bitar," in ji shi. "Sa'an mahaifinka ya miƙo maka abu a gaban mutane, ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya. Bayan an tashi ka zo ka sanar da ni, in ba wani malami takardar jarrabawarsa ya duba. Shi ke nan, ba zargi. An yi dokar don ta kare ka, ba don ka tozarta dattijo ba. Tashi ka je ka same shi."

Na tafi Jakara da hantsi, ina tambaya lungu lungu har aka nuna mini rumfarsa. Ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buzu, ya miƙo mini ruwa a kofi. Sai da na sa hannu biyu na karɓa kunya ta ƙara rufe ni. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na roƙe shi ya dawo, jarrabawa saura kwana shida, kuma na tabbata zai ci.

Ya ci gaba da huda fatar da ke cinyarsa. Can ya ce, "Malam, ai Turancin da na samu ya ishe ni. Ran nan da ka yi magana, kaf na gane, ba sai da aka fassara mini ba. Ka iya koyarwa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na yi ƙarfin hali na tambayi jakar. Ya ce ya warware sunan, ya ba limamin unguwarsu yana zuba littattafai.

Bai zo jarrabawar ba. Ni na rubuta "bai halarta ba" a gaban sunansa, Malam Sabo ya sa hannu bai ko dube ni ba.

Ku sababbin malamai, ban ce ku yi wasa da doka ba. Amma manyan da ke zaune a gabanku sun ajiye girmansu a bakin ƙofa kafin su shigo, amana suka ba ku. Ni na tsaya na koya wa aji guda ma'anar karɓa da zuciya, dattijo ya haddace ya kawo mini, sai ga shi malamin ne bai iya ba. Jimlar Turanci ɗaya tak Baba Tanko ya taɓa faɗa a ajina, kuma babu kuskure ko ɗaya a cikinta.